Kuɗin Kwalba

Kowa a makarantar nan da abin da yake tarawa. Wani handawut yake tarawa tun daga ND I, bai taɓa buɗe ko ɗaya ba. Wani lambobin waya, wani kuma bashin mai shayi. Ni kwalabe nake tarawa, tsofaffin kwalaben lemo da na ruwan soda, waɗanda yawancinsu an shanye abin da ke ciki tun kafin a haife ni. Yanzu haka ina da guda 31. Mafi yawa suna gida cikin kwali, kowace an naɗe ta da tsohuwar jarida, guda shida kuma suna tare da ni a hostel. 'Yan ɗakinmu sun laƙaba mini suna Jari-Bola, sunan ya bi ni har aji. Duk wanda ya ga kwalaben nan tambayarsa ta farko ɗaya ce: “To mutumina, nawa za ka sayar da su?” Tunda masu mujalla sun ba ni fili, ita nake so in amsa, sai dai amsar tana da ɗan tsawo, a yi haƙuri da ni.

Sai mutum ya san wahalar da aka sha kafin a iya kulle gas a cikin kwalba, sannan zai gane abin da ya sa wasu ke zuba kuɗi a kan kwalbar da babu komai a ciki. A 1767 wani masanin kimiyya ɗan Ingila, Joseph Priestley, yana zaune a garin Leeds kusa da wani kamfanin giya. Sai ya lura cewa in aka ajiye ruwa a saman manyan randunan da tsimi ke tashi, ruwan yakan sha iskar kabon da ke fitowa, ya riƙa tsikarin harshe. A 1783 wani mai gyaran agogo a ƙasar Suwizalan, Jacob Schweppe, ya mai da abin sana'a, a 1792 kuma ya kai sana'ar Landan. Sunansa ne har yau a jikin Schweppes ɗin da ake sayarwa a kantin bakin get.

Yin ruwan soda bai ba su wuya ba kamar adana shi. Ƙarfin iskar da ke cikin kwalbar lemo yakan kai na iskar tayar mota, har ya wuce in ta sha rana. A wancan zamani kuwa murfin kwalba toshiya ce ta ɓawon wani itace mai laushi. In toshiyar ta bushe sai ta tsuke, gas ya sulale, ko ma ta yi tsalle ta fice gaba ɗaya. Dabarar da aka fara yi ita ce ƙera kwalba mai kauri, mai tsinin gindi kamar ƙwai, wadda ba ta iya tsayuwa. Dole a kwantar da ita, ruwan ya riƙa jiƙa toshiyar kullum. Masu tarawa suna kiran irin wannan kwalba da sunan William Hamilton na birnin Dablin, wanda ya yi rajistar fasaharsa ta ruwan soda a 1809.

A 1872 wani injiniya a Landan mai suna Hiram Codd ya zo da dabarar da ni dai har yau ban ga wadda ta kai ta burge ni ba. Ya sa ɗan ƙwallon gilas a cikin wuyan kwalba, ya kuma sa zoben roba a bakinta ta ciki. Ana ɗura lemon ne kwalbar tana kife, ƙwallon ya faɗo kan robar, gas ɗin da ke ciki ya danne shi gam. Wato gas ɗin da ke neman tserewa shi aka sa gadin ƙofa. In za a sha, sai a danna ƙwallon ciki da ɗan katako, ya faɗa wani lungu da aka matse a wuyan, inda ba zai dawo ya toshe hanya ba. Masana'antar gilas ta iyalan Rylands da ke Barnsley a arewacin Ingila ta ƙera irin waɗannan kwalabe ba iyaka, aka yi ta kai su ƙasashen da Ingila ke mulka.

Amurkawa su kuma suka bi tasu hanyar. A 1879 Charles Hutchinson na Chicago ya ƙirƙiro murfi na lanƙwasasshiyar waya mai roba a ƙasa, wanda shi ma a cikin kwalbar yake zama. A irin wannan kwalba aka fara ɗura Coca-Cola a 1894, a garin Vicksburg na jihar Mississippi. Ita da ta Codd matsalarsu ɗaya, wuyar wanki, domin datti yana maƙalewa a bayan murfin. Wanda ya kashe musu kasuwa shi ne William Painter na Baltimore, da ya fito da murfin ƙarfe mai haƙora a 1892, wanda ake ɓallewa sau ɗaya a yar. Shi muke amfani da shi har gobe. In ka sayi lemon kwalba yau, ƙirga haƙoran murfin, za ka samu 21. Na farkon 24 ne. Daga nan a 1903 Michael Owens ya kammala injin da ke hura kwalba da kansa, aikin da a da sai mutum ya sa baki a bututu ya hura narkakken gilas. Daga wannan lokaci kwalabe suka koma iri ɗaya kamar an haife su rana guda.

To me ya sa tsofaffin suka yi ƙaranci, alhali miliyoyi aka ƙera? Saboda ba wanda ya ɗauke su a bakin komai. Kamfani yana karɓar kwalbarsa ya wanke ya sake ɗurawa har ranar da za ta fashe. Ta Codd kuwa yaran Ingila ne suka gama da ita, suna fasa wuyan don su ciro ƙwallon su yi wasa. Waɗanda suka tsira yawanci a juji suka tsira. Tun shekarun 1970 akwai mutane a Ingila da abin da suke yi ranar hutu shi ne tonon jujin zamanin Sarauniya Victoria suna neman kwalabe. Na Amurka har tsofaffin ramukan masai suke tonawa, domin a nan mutanen da suke jefa abin da suka gama da shi. Eh, masai. Kun ga ashe ni Jari-Bolan nawa mai tsafta ne.

Abin da na koya a wannan harka shi ne kwalba karanta ta ake yi, kuma wanda ya iya karatun shi ke yanke farashi. Wuri na farko da ake dubawa shi ne layin haɗi. Ana hura gilas ne a cikin mazubin ƙarfe mai ɓari biyu, inda ɓarin suka haɗu yakan bar siririn layi a gefen kwalba. In layin ya hau ya ɓace a wuya kafin ya kai baki, to da hannu aka gama bakin, aikin kafin zuwan inji ne ko farkon zuwansa. In kuwa ya zarce har saman baki, inji ne ya yi ta. Sai a juya gindi. Kwalaben da aka yi kafin wajajen 1860 sukan zo da wani tabo mai kaushi a tsakiyar gindi, inda aka liƙa sandar ƙarfe aka riƙe kwalbar tana da zafi, sannan aka ɓalle. Ƙananan kumfa a cikin gilas, da kaurin da bai daidaita ba, da ɗan karkacewar wuya, duk alamu ne na aikin hannu. Abin da malamin firaktikal zai rage maka maki a kai, shi mai tara kwalba yake nema.

Na biyu launi. Yawancin tsofaffin kwalaben soda ruwan kore ne mai haske, domin yashin da ake narkawa yana da ɗan ƙarfe a ciki. Shuɗi mai duhu kuwa sai an zuba sinadarin kobal, kuma kamfanoni kaɗan ne suka yarda da wannan ƙarin kuɗi. Shi ya sa kwalbar Codd ta gama-gari 'yan fam kaɗan ake sayar da ita a Ingila, amma shuɗiya lafiyayya takan kai ɗaruruwan fam, wani lokaci dubbai. Akwai kuma kwalaben da aka sa wa sinadarin manganis don su yi fari tas, tun daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Irin waɗannan in sun daɗe a rana sukan rine su koma ruwan shunayya mai haske. Da 'yan damfara suka gane ana son launin, sai suka riƙa haska kwalabe da na'ura mai ƙarfi su koma shunayya mai duhu cikin ɗan lokaci. Masu tarawa na gaske suna ganin irin wannan suke ja da baya.

Na uku rubutu. Tsofaffin kwalabe rubutunsu a jikin gilas yake, ya taso, kana shafawa kana jin sa: sunan mai kamfani, da garinsu, wani lokaci da hoton dabba ko jirgin ruwa. Kwalbar ƙaramin kamfani na ƙaramin gari da ya yi 'yan shekaru ya mutu ta fi ta babban kamfani tsada, domin kaɗan aka yi, kuma mutanen garin suna nema. Rubutun fenti da ake gasawa a jikin gilas, irin wanda muka saba gani, sai a shekarun 1930 ya shigo. Na huɗu lafiya. Tsaga ko ɓalli a baki yana iya zubar da fiye da rabin farashi. Haka ma farin dusashewar da gilas ke yi in ya daɗe a ƙasa mai laima.

Duk waɗannan in sun haɗu, sai kuma a samu masu so, domin ko kwalba ita kaɗai ce a duniya, in mutum biyu ba su yi takara a kanta ba, ba ta da farashi. Ga misali. A 1915 kamfanin gilas na Root da ke Terre Haute a jihar Indiana ya zana kwalbar Coca-Cola mai ƙugu da kowa ya sani. Samfurin farko cikinsa ya fi gindinsa faɗi, yana tangal-tangal a kan bel ɗin inji, don haka aka rage masa ciki kafin a fara ƙerawa da yawa. A 2011 an yi gwanjon ɗaya daga cikin waɗancan samfura na farko a Amurka, aka saye shi dala 240,000. Wannan labari shi ne abokaina suka fi so, kuma shi ne ya fi ruɗar mutane, domin daga jin sa kowa sai ya ɗauka kwalbar da ke bayan ɗakinsu ma haka take.

Ina da kwalba mai ƙwallo guda ɗaya, ita ce kuma kowa yake fara kai wa hannu. Yayana ne ya kawo mini daga Indiya inda ya yi karatu. A can har yanzu ana sayar da lemo a cikinta a bakin titi, a Delhi suna ce masa banta, a kudu kuma goli soda. A Japan ma lemon Ramune a irinta yake zuwa. Siffarta ta 1872 ce, amma ita kanta ba ta girmi autarmu ba. Ba sunan kowa a jikinta, kuma irinta dubbai ne. Ina ajiye ta ne don in nuna wa mutane yadda dabarar Codd ke aiki, amma in maganar kuɗi ce, ba ta fi kwanon abinci ɗaya a kafteriya ba.

Hutun da ya wuce na je wajen masu tsofaffin kaya a kasuwar garinmu. Wani dattijo da ya san ina sayen kwalabe ya yafito ni, ya zaro wata daga ƙarƙashin tebur, a naɗe cikin tsumma.

“Ɗalibi, zo ka ga kaya. Wannan ta Turawan mulki ce, tun zamanin Gwamna Lugga. Dubu arba'in, don kai ne.”

Na karɓa da hannu biyu na duba. Layin haɗi ya hau har saman baki. Rubutun na fenti ne. A ƙasa kuma an rubuta yawan abin da take ci da ma'aunin santilita.

Na ce, “Baba, Allah ya ƙara girma, Lugga ya bar ƙasar nan a 1919, wannan irin fenti kuwa sai bayan shekara goma sha da tafiyarsa aka fara shi. Wannan ma'aunin kuma sai a shekarun 1970 Nijeriya ta koma kansa.”

Ya dube ni, ya dubi kwalbar, ya yi dariya. “Kai 'yan boko ba ku da dama. Ni ma haka wanda ya kawo mini ya ce. To nawa za ka ba ni?”

Muka daidaita a kan ɗari biyar. Na saya da farin ciki, domin ta wani lemo ce da aka daina yi, kuma ba ni da irinta.

A nan ne maganar ta dawo gida. Mu namu tarihin lemon kwalba bai kai na Ingila tsufa ba, amma namu ne. An kafa Nigerian Bottling Company a 1951 ƙarƙashin gidan Leventis, aka fara ɗura Coca-Cola a Legas a 1953. Seven-Up ta fara a 1960, shekarar samun 'yancin kai. Iyayenmu sun sha Gold Spot da Limca da Krest a ranar salla da ranar suna, ku tambaye su ku ga yadda fuskarsu za ta canza. Da yawa a cikinmu ma mun riski lokacin da in an aike ka sayen lemo sai ka tafi da kwalba a hannu, in babu kuma ka ajiye kuɗin kwalba, ka kuma dawo da ita kafin mai shago ya aiko. Wannan al'ada tsohuwa ce. Kwalaben Ingila na da da yawa an rubuta a jikinsu cewa mallakar kamfani ce, ba a sayar da ita, domin kwalbar ta fi abin da ke cikinta tsada. Har iyalan Rylands sun riƙa yi wa wasu baki mai launi don kowane kamfani ya gane tasa a cikin tari.

Kakata man gyaɗa take sayarwa, kuma kwalba ce ma'auninta: kwalba ɗaya, rabin kwalba. Ɗakinta cike yake da su, wasu tun na zamanin aurenta, a jere bayan gado da ƙarƙashin kabad. Ta rasu ina makarantar kwana. Kafin in dawo hutu an share ɗakin, an ba mai jari-bola buhu biyu na kwalabe, ya ba da robar wanki ɗaya da bokiti. Ba wanda ya yi laifi, a idon kowa shara aka kwashe. Guda ɗaya ce ta tsira, ta Krest, saboda mahaifiyata tana zuba kananzir a ciki. Da na roƙe ta, sai ta dube ni ta ce, “Kai kuma me za ka yi da ita?” Na ce ajiyewa zan yi. Ta juye kananzir ɗin a wata ta miƙo mini tana girgiza kai. Ita ce ta farko a cikin 31 ɗin nan. Har yau in na tuna buhunan nan biyu sai in ji wani iri, domin a cikinsu akwai sunayen lemo da na kamfanonin da ƙila babu sauran mai kwalbarsu a garinmu.

Mu ba ma barin kwalba ta huta, kuma wannan abin yabo ne. In ta gama da lemo ta koma ta man gyaɗa, ko ta zuma, ko ta man shanu. In ta fashe a kafa ta a kan katanga saboda ɓarayi. A Bida, masu sana'ar gilas na unguwar Masaga suna narka tsofaffin kwalabe su yi duwatsun wuya da awarwaro. Sai dai wannan amfani da muke yi da ita har ƙarshe shi ne yake cinye ta, kamar yadda yaran Ingila suka cinye ta Codd. Ga kuma roba da gwangwani sun shigo. Ku duba firjin kantin da ke kusa da ku, ku ƙirga na gilas nawa ne, na roba nawa ne. A gaban idonmu kiret yake ɓacewa, kuma ranar da zai ƙare ba za a yi sanarwa ba.

Saboda haka ga amsar tambayar. In na ɗauki kwalabena 31 na kai kasuwa gobe, abin da zan samu ba zai biya mini kuɗin rajistar zango ɗaya ba. Babu gidan gwanjon kwalabe a nan, babu littafin farashi, babu mutum biyu da za su yi takara a kan kwalbar Limca. Duk wanda ya ce maka tsohuwar kwalba za ta mai da kai miloniya, riƙe aljihunka da kyau. Amma Turawan da ke sayen shuɗiyar Codd da ɗaruruwan fam yau, kakanninsu a juji suka zubar da ita. Kafin a samu farashi sai da aka samu waɗanda suka tsince ta, suka wanke, suka rubuta wane kamfani ne, wane gari, wace shekara. Wannan aiki na farko shi ne ba a yi ba a wajenmu, kuma ba ya bukatar jari. Ni littafi ɗaya nake da shi mai shafi 40, kowace kwalba da shafinta: inda na same ta, wa ya ba ni, abin da aka rubuta a jiki da gindi, tsawonta da nauyinta. Mu da ake koya wa zane da awo da sanin kayan aiki, in ba mu rubuta tarihin abin da masana'antun ƙasar nan suka ƙera ba, wa zai yi mana?

Hutu ya kusa. In kun je gida ku leƙa sito, da bayan ɗakin tsofaffi, da shagon da ya daɗe a unguwa. In kun ga kwalbar lemon da ba ku san sunansa ba, ku nemi izini kafin ku ɗauka, ku kuma tambayi mai ita labarinta, domin sau da yawa labarin ya fi kwalbar daɗi. Kada a goge ta da yashi ko soson ƙarfe, fentin zai tafi. Ruwa mai ɗumi da sabulu sun isa, kada a zuba tafasasshe, tsohon gilas yana tsagewa. Ina kuma roƙon shugabannin ƙungiyar ɗalibai, in makon ɗalibai ya zo, a ba mu tebur ɗaya a cikin zaure mu jera abin da muka samo, kowace da 'yar takardar bayaninta. Ni zan kawo nawa duka, har da mai ƙwallon, wanda yake so ya danna da hannunsa ya gani. Mai neman ƙarin bayani kuma ya zo hostel ya ce Jari-Bola yake nema, za a nuna masa ɗakin.